Tsere da agogo

Gardamar ƴan kallo

Ran 21 ga watan Yuli na shekarar 2024 aka gama babban tseren keke na ƙasar Faransa. Zangon ƙarshe ya tashi daga Monako, ya ƙare a birnin Nis, bakin teku. Nisansa bai cika kilomita 34 ba. A wannan rana mahaya ba su tashi tare ba. Kowa ya tashi shi kaɗai, ana auna lokacinsa da agogo. Tadej Pogačar, mutumin ƙasar Silobeniya, shi ya ci zangon, shi ne kuma ya ci tseren gaba ɗaya.

Duk lokacin da aka yi irin wannan zango, masu son tseren keke sukan shiga gardama. Wasu su ce kallon ba daɗi. Mutum ya zauna wuni guda, ba ya ganin kome sai mahayi ɗaya ya wuce, a jima wani ya wuce. Ba kora, ba kamawa, ba rige-rige a bakin layi. Kuma tun da safe an san wanda zai ci, gama Pogačar ya riga ya ba na biyu ratar minti 5 da sakan 14.

Wasu kuma su ce a'a, wannan shi ne tsere na gaskiya. A nan ne ake gane ƙarfin kowa, domin ba mai ɓuya bayan wani.

Kafin a raba wannan gardama, sai an san yadda tseren yake tafiya.

Ayari da zango

Sunan tseren da faransanci Tour de France, wato Zagayen Faransa. An fara shi a shekarar 1903. Wata jarida mai suna L'Auto ce ta shirya shi, don mutane su ƙara sayenta. Yanzu akan yi shi cikin mako uku. An raba hanyar zango 21, da hutu na kwana biyu. Duka tafiyar takan yi wajen kilomita 3 500. Yawancin zangunan sun fi nisan Yamai zuwa Doso, kuma a wuni ɗaya ake cinye kowane.

A shekarar 2024 mahaya 176 suka tashi. Ƙungiya 22 ce, kowace da mutum 8. Kowace ƙungiya tana da madugu, sauran kuwa mataimakansa ne. Su ke kawo masa ruwa, su ke kare shi daga iska. In kekensa ya lalace, ɗayansu yana iya ba shi nasa.

Kowace rana ana rubuta lokacin da kowane mahayi ya yi. Sai a haɗa na yau da na jiya da na shekaranjiya. Wanda jimillar lokacinsa ta fi ƙanƙanta, shi ke kan gaba. Tun shekarar 1919 ake ba shi riga rawaya, don a gane shi daga nesa. Wanda ke da rigar bayan zangon ƙarshe, shi ya ci tseren.

A yawancin kwanaki mahaya suna tashi tare, suna tafiya a dunƙule kamar ayari. Akwai wata doka mai muhimmanci: duk waɗanda suka iso cikin ayari ɗaya, lokaci ɗaya ake rubuta musu. Na farko da na ɗari, ba bambanci. Saboda haka a shimfiɗaɗɗiyar hanya da wuya madugu ya tsere wa ɗan'uwansa madugu. Wuri biyu ne ake samun rata mai yawa: hawan manyan duwatsu, da tsere da agogo.

Abokiyar gabar da ba a gani

Me ya sa mahaya ke son tafiya a dunƙule? Dalili shi ne iska.

Duk yaron da ya taɓa tuƙa keke da hunturu ya san wannan. In iska tana bayansa, keken kamar shi ke tafiya da kansa. In ya juyo ya fuskance ta, sai ya yi ta nishi. Amma ko ranar da ganye ba ya motsi, iska tana nan. Mai gudu dole ya keta ta da jikinsa, kamar mai tafiya cikin ruwan tabki.

Turin iska yana ƙaruwa da sauri ƙwarai. In mahayi ya ninka saurinsa sau biyu, turin iska yakan ninka sau huɗu. Ƙarfin da zai kashe cikin kowane sakan don ya keta ta kuwa, sau takwas yake ninkawa. Shi ya sa mai gudun kilomita 50 cikin awa guda bisa shimfiɗaɗɗiyar hanya, kusan duk ƙarfinsa wajen faɗa da iska yake tafiya.

To, in mahayi ya laɓe dab da bayan wani, na gaba ne ke keta masa iska. Na baya yana iya rage wajen kashi ɗaya cikin uku na wahalarsa. Wanda ke tsakiyar babban ayari ya fi haka samun sauƙi. Ke nan mai wayo yana iya ɓuya cikin ayari wuni guda, ya iso tare da waɗanda suka fi shi ƙarfi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma cikin masu ɗaukar jinka akwai wanda ya ɗora yatsa kawai.

Yadda ake tsere da agogo

Don a gane ƙarfin kowa shi kaɗai aka shigo da tsere da agogo. A Zagayen Faransa an fara yin sa mutum ɗaya ɗaya a shekarar 1934. Nisan zangon kilomita 90 ne, ya ƙare a birnin Nantes. Antonin Magne ya ci shi, ya kuma ci tseren wannan shekara.

Ga yadda ake yi. Kowane mahayi yana da lokacin tashinsa. Na ƙarshe a jerin shi ke fara tashi, mai riga rawaya shi ke rufe baya. Akan bar minti ɗaya ko biyu tsakanin mahayi da mahayi. Mahayi ya hau keke bisa wani ɗan dandamali, wani mutum yana riƙe da sirdinsa. Alƙali ya ƙidaya masa da yatsu: biyar, huɗu, uku, biyu, ɗaya. Sai a sake shi.

Daga nan ba mai taimakonsa. An hana shi laɓewa bayan wani mahayi, ko bayan mota, ko bayan babur. In ya cim ma wanda ya riga shi tashi, sai ya ratse gefe ya wuce shi. Motar ƙungiyarsa tana biye da shi a baya, ɗauke da wani keke. A wurare biyu ko uku bisa hanya ana duba agogo, a gwada lokacinsa da na sauran.

Wahalar wannan tsere ita ce rabon ƙarfi. In mahayi ya fara da zafi, ƙarfinsa zai ƙare tun bai kai ba. In ya fara da sanyi, zai iso da sauran ƙarfi wanda bai amfane shi da kome ba. Gwani shi ne wanda ƙarfinsa ke ƙarewa daidai bakin layi. Kamar mai ƙetare daji da salka guda ne: in ya shanye da wuri ƙishirwa ta kama shi, in ya yi rowa ya sha wuya a banza.

Kayan aiki ma dabam ne. Hular kwanon tana da santsi, don iska ta zame. Rigar ta manne da jiki. Ƙafar keke ta baya a rufe take kamar faifai. Mahayi yana duƙawa, ya haɗe hannuwansa a gaba, ya sunkuyar da kai. Ba ya so ya motsa kafaɗa ko kaɗan.

A nan ne matsalar ɗan kallo take. Mahayin da ya fi gwaninta shi ya fi zama shiru bisa kekensa. Ido ba ya iya bambanta mai gudun kilomita 52 da mai gudun kilomita 54. Fuskarsa a rufe take, ba a ganin wahalarsa. Abokan gabansa biyu, iska da lokaci, ba wanda ake gani cikinsu. Faransawa suna kiran wannan zango gwajin gaskiya. Ya yi kama da ranar jarrabawa a lakwal: kowa da tebur nasa, ba mai duba allon wani. Wanda ya leƙo ta taga zai ga aji shiru, alhali kuwa ran nan ne aka fi kowace rana aiki.

Gwanayen da suka gundiri jama'a

Masu cewa kallon ba daɗi suna da hujja, kuma hujjarsu tsohuwa ce.

Jacques Anquetil, Bafaranshe, ya ci Zagayen Faransa sau biyar: a 1957, sa'an nan daga 1961 zuwa 1964. Shi ne mutum na farko da ya yi haka. Ya gwanance da tsere da agogo har aka yi masa laƙabi Monsieur Chrono, wato Malam Agogo. Dabararsa ita ce ya ba sauran rata ranar agogo, sa'an nan ya tsare ratar cikin duwatsu. Jama'a sun girmama shi, amma da yawa sun fi son abokin hamayyarsa, Raymond Poulidor. Shi Poulidor bai taɓa cin tseren ba, bai ma taɓa sa riga rawaya ba ko wuni ɗaya. Amma mutane suna ganin famansa da idonsu, shi ya sa suka ƙaunace shi.

Bayan shekara talatin aka yi Miguel Indurain, mutumin Sifaniya. Ya ci tseren sau biyar a jere, daga 1991 zuwa 1995. Cikin waɗannan shekaru biyar, duk zangon da ya ci na agogo ne. A 1992, a ƙasar Lukzambur, an yi zango mai kilomita 65. Indurain ya ba na biyu ratar minti 3. Har ya cim ma Laurent Fignon, wanda ya riga shi tashi da minti 6, ya wuce shi. Fignon kuwa ba ƙaramin mahayi ba ne, sau biyu yana cin tseren. Daga ran nan mutane da yawa suka san inda rigar za ta ƙare, ga shi kuwa ba a ko shiga manyan duwatsu ba.

Masu shirya tseren sun lura da haka. Tsere yana rayuwa ne da ƴan kallo, na bakin hanya da na talabijin. Sai suka yi ta rage tsawon tsere da agogo. A 1992 ya fi kilomita 130 in an haɗa duka. A 2015 kuwa, wanda aka yi mutum ɗaya ɗaya bai cika kilomita 14 ba.

Sakan takwas

Masu kare tsere da agogo su ma suna da tasu hujja. Babbar hujjarsu ita ce ranar 23 ga watan Yuli na 1989.

A wannan shekara mutum biyu suka yi ta karɓe riga rawaya daga hannun juna. Ɗaya Laurent Fignon ne, wanda ya ci a 1983 da 1984. Ɗayan Greg LeMond ne, mutumin Amurka, wanda ya ci a 1986. A 1987 an harbi LeMond bisa kuskure wajen farauta, ya kusa mutuwa. Shekara biyu bai shiga tseren ba. Mutane da yawa sun ɗauka tasa ta ƙare.

Zangon ƙarshe tsere da agogo ne, daga Versailles zuwa tsakiyar birnin Pari. Nisansa kilomita 24 da rabi kaɗai. Fignon ke da riga, yana gaban LeMond da sakan 50. Masana suka yi lissafi: sai LeMond ya riƙa cin sakan 2 cikin kowane kilomita. Kusan kowa ya ce ba ta yiwuwa.

LeMond ya sa hular kwano mai tsini a baya. Ya ɗaura wasu ƙarafa biyu a kan kekensa, inda zai jingina hannuwa ya tsuke jikinsa. A lokacin baƙon abu ne a wannan tsere. Ya kuma ce kada a riƙa gaya masa lokaci bisa hanya, gudu kawai zai yi. Fignon ya tashi bayansa, kai ba hula, gashinsa a ɗaure a ƙeya. Yana kuma fama da ciwo a inda yake zama bisa sirdi.

LeMond ya iso cikin minti 26 da sakan 57. Saurinsa ya haura kilomita 54 cikin awa guda. Ya tsaya yana jira. Jama'a suka zuba wa agogo ido, suna ƙidaya. Fignon ya shigo babban titin Champs-Élysées, yana taka keke iyakar ƙarfinsa. Ya ƙetare layi cikin minti 27 da sakan 55. Ya sauka ya zube ƙasa.

LeMond ya fi shi da sakan 58. In an cire 50, saura 8. Bayan mako uku da tafiyar fiye da kilomita 3 200, sakan 8 suka raba su. Da irin gudun ran nan, sakan 8 kamar mita 120 ne, wato filin ƙwallo ɗaya da ɗan ƙari. Ba a taɓa cin Zagayen Faransa na maza da rata ƙarama kamar wannan ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Irin haka ta sake faruwa a 2020, kwana ɗaya kafin a gama tseren. Primož Roglič ke da riga, yana gaban Pogačar da sakan 57. Dukansu ƴan ƙasa ɗaya ne. Zangon kilomita 36 ne, ya ƙare da hawan dutse. Pogačar ya fi shi da minti 1 da sakan 56, ya karɓe rigar. Shekarunsa 21 a lokacin.

Wa ke da gaskiya?

In an duba da kyau, abin da aka gani a 1989 da abin da aka gani a 2024 iri ɗaya ne: mutum guda bisa keke, a duƙe, yana wucewa. Tun daga 1989 ba a sake rufe tseren da zangon agogo ba sai a 2024, bayan shekara 35. Amma na farko har yanzu ana ba da labarinsa, na biyu kuwa an san ƙarshensa tun ba a fara ba. Abin da ya bambanta su shi ne ratar da ke tsakanin mahaya kafin a tashi: sakan 50 a ɗaya, fiye da minti 5 a ɗayan.

Ashe kowane ɓangare yana da rabin gaskiya. In rata ta yi yawa, kuma gwanin agogo ne ke gaba, ba abin da ya rage a jira. Masu hamma ba su yi laifi ba. Amma in rata kaɗan ce, ba zangon da ya kai wannan sa zuciya ta buga.

Ko a ranar da aka san mai ci, akwai waɗanda ke fama. Wani yana neman ya hau daga na shida zuwa na biyar. Wani yana gudun kada ya wuce lokacin da aka yanka, a fitar da shi daga tseren. Wani yana so ya nuna ƙoƙarinsa don ƙungiyarsa ta sake ɗaukarsa baɗi, gama da wannan aiki yake ciyar da gidansa.

Saboda haka mai son ya ji daɗin tsere da agogo, sai ya san abu uku kafin a fara. Nawa ne ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu? Kilomita nawa za a yi? Sakan nawa ke nan cikin kowane kilomita? Wanda ya riƙe waɗannan, duk sa'ad da aka duba agogo bisa hanya zai san wanda ke ci da wanda ake ci. Sauran zanguna da ido ake kallonsu. Wannan kuwa sai an haɗa da lissafi.

Ma'anar kalmomi

Zango: tafiyar wuni ɗaya cikin babban tsere.
Ayari: taron mahaya masu tafiya a dunƙule.
Madugu: mahayin da sauran ƴan ƙungiyarsa ke yi wa aiki.
Rata: bambancin lokaci tsakanin mahayi da mahayi.
Tsere da agogo: zangon da kowa ke tashi shi kaɗai, a auna lokacinsa. Da faransanci ana ce masa contre-la-montre.

Tambayoyi

1. Wa ake ba riga rawaya?
2. Me ya sa tafiya cikin ayari ta fi sauƙi?
3. Waɗanne abubuwa aka hana mahayi ranar tsere da agogo?
4. Don me jama'a da yawa suka fi son Poulidor bisa Anquetil?
5. Mene ne bambancin zangon ƙarshe na 1989 da na 2024?

Lissafi

1. Ku cire minti 26 da sakan 57 daga minti 27 da sakan 55.
2. A 2020 Roglič yana gaba da sakan 57. Pogačar ya fi shi da minti 1 da sakan 56. Da sakan nawa Pogačar ya koma gaba?
3. Mahaya 10 za su tashi, da minti 2 tsakanin kowane biyu. Na farko ya tashi da ƙarfe 4 daidai. Yaushe na ƙarshe zai tashi?
4. Mahayi yana yin mita 15 cikin sakan ɗaya. Mita nawa zai yi cikin sakan 8?

Aiki

1. Ranar da ake iska, ku ɗauki faifai ku yi gudu da shi. Da fari ku tare iska da faɗinsa, sa'an nan ku juya shi ta gefe. Ku faɗi abin da kuka ji.
2. Ku auna mita 100 a filin lakwal. Yara biyar su yi tsere tare. Bayan sun huta, kowa ya yi gudu shi kaɗai, malam yana duba agogo, wani yana rubuta lokaci bisa allo. Ku gwada sakamakon biyu. Wane tsere ya fi daɗin kallo? A wane ne kuka fi sanin saurin kowa?